Ana tsakiyar kallo fim ya ƙame: laifin fayil ne ko na kwamfuta?

DUK wanda ya yi kallon finafinan Hausa a zamanin kaset ya san cewa ciwon bidiyo bai wuce biyu ba: ko dai ta cinye zare, ko kuma kanta ya yi datti hoto ya riƙa yayyafi. Maganin ma sananne ne. A kwance murfi, a samu farar takarda da ɗan sifirit a goge kan, a lallaɓa a mayar da zaren, shi ke nan kallo ya ci gaba. Yaron gida ma yana iya wannan gyaran.

To, amma zamani ya juya. Daga fitowar 'Turmin Danya' a 1990 zuwa yau, fim ɗin Hausa ya sauya mazubi aƙalla sau huɗu. Daga kaset ya koma faifan bisidi a farkon shekarun 2000, daga nan sai dibidi, sannan aka shiga zamanin turi a filash da mimori, har aka iso inda finafinai masu dogon zango irin su 'Izzar So' da 'Labarina', waɗanda suka fara fitowa a 2020, suke isa ga jama'a ta intanet. Matasa da yawa, musamman ɗalibai, kwamfutar cinya ce sinimarsu. Ita kuwa idan ta tashi rigimarta, babu zaren da za a kama a gyara.

Koken 'yan kallo kusan iri ɗaya ne. Ana cikin kallo sai fileya ta rufe kanta ba sallama. Wani lokaci murya na tafiya amma allo ya yi baƙi ƙirin ko kore shar. Wani lokacin bakin jarumi na motsi, maganar sai ta biyo baya kamar fim ɗin Indiya da aka yi wa fassara cikin gaggawa. Mafi muni shi ne kwamfutar ta ɗauke ɗif, sai an jima kafin ta yarda ta tashi.

Abin takaicin shi ne abin da ke biyo baya. Mai kwamfuta ya ruga wurin mai gyara, a ce masa wai sai an yi fomatin, ya biya kuɗi, ya dawo gida ya tarar hotunan biki, takardun makaranta da tsofaffin finafinan da ya sha wahalar tarawa duk sun tafi. Bayan kwana biyu kuma matsalar ta dawo, domin tun farko ba a taɓa tushenta ba. Alhali kuwa yawancin irin wannan matsala mai kwamfuta na iya gano ta da kansa a cikin minti goma.

A fara gano mai laifi

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa kafin hoto ya fito a allo: fayil ɗin fim ɗin, manhajar da ke kunna shi, babbar manhajar kwamfutar wato Windows, sai kuma ƙarfen kansa. Gwaji uku ne ke raba gardama a tsakaninsu. Na farko, a kunna wani fim daban a wannan fileyar. Idan ya yi lafiya, to fayil ɗin farko ne abin zargi. Na biyu, a kunna shi fim ɗin da ke ba da matsala a wata fileya daban. Idan ya tafi sumul, ashe fileyar farko ce ba ta da lafiya. Na uku, a kai fim ɗin wata kwamfutar ko a tura shi waya. Idan can ma ya ƙame a daidai wurin da ya saba ƙamewa, magana ta ƙare, fayil ne ya lalace.

A lura da lokacin da abin ke faruwa. Fim ɗin da ke tsayawa a minti ɗaya tak kullum, fayil ne. Kwamfutar da ke yin lafiya da farko sannan ta fara shiɗewa bayan rabin awa, kowane fim aka sa, zafi ne ke damunta. Wadda kuwa ke mutuwa gaba ɗaya ba fileyar kaɗai ba, ciwonta ya wuce na manhaja.

Ambulan daban, wasiƙa daban

Mutane da yawa suna ɗauka duk fim ɗin da sunansa ya ƙare da MP4 iri ɗaya ne. Ba haka abin yake ba. MP4 da MKV da AVI tamkar ambulan suke. Wasiƙar da ke ciki kuma tana iya zama da boko, tana iya zama da ajami. Salon rubutun da aka dunƙule hoton da shi ake kira kodek, kuma fileyar da ba ta iya karanta shi ba za ta buɗe ambulan ɗin ne ta tsaya tana kallo.

Bisidi da MPEG-1 yake aiki, kuma faifai ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80. Dibidi, mai cin gigabayit 4.7, MPEG-2 ne. A 2003 aka fito da H.264, wanda kusan kowace na'ura ta iya karantawa. Sai H.265 a 2013, wanda kuma ake kira HEVC, da AV1 a 2018. Masu ɗora finafinai suna ƙaunar H.265 saboda yana matse fim ya koma kusan rabin nauyinsa ba tare da hoton ya dusashe ba, ga sauƙin data. Sai dai warware wannan matsin aiki ne ja. Akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2015, irin 'yan gwanjon da suka cika kasuwanni, ba su da sashen da aka keɓe don wannan aikin, saboda haka firosesa ce ke ɗaukar nauyin duka. Nan take fanka za ta kama kuwwa, hoto ya riƙa tsalle, murya ta tsere wa baki. Mai irin wannan kwamfutar ya fi dacewa ya ce a tura masa fim na H.264, kuma mai girman 720 maimakon 1080. A ƙaramin allo bambancin ba wani mai yawa ba ne.

Akwai kuma fayil ɗin da bai gama shiga ba. Fim ɗin MP4 yana da wata taswira da ke nuna wa fileya inda kowane hoto yake, kuma sau da yawa a ƙarshen fayil take zama. Idan data ta yanke ana saukarwa, ko mai turi ya zare filash kafin kwafi ya kammala saboda layi ya yi masa yawa, taswirar ba za ta shiga ba, fim ɗin kuma ba zai buɗe ba ko da kashi 99 ya samu. Kafin a bar shagon turi, a gwada farkon fim ɗin, tsakiyarsa da ƙarshensa.

Shi ma filash ɗin abin dubawa ne. Wanda aka tsara a kan FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabayit 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS. Sannan ga jabu. Za a ga an rubuta gigabayit 64 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Finafinan farko za su yi, na baya kuwa sunansu kawai za a gani, ba sa buɗewa. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw tana cika filash da bayanai ta sake karantawa, ta tona asirinsa. Araha dai ba ta ado.

Masu ajiyar tsofaffin fayafai su ma suna da tasu. Tun daga Windows 8 na 2012 kamfanin Microsoft ya daina haɗa Windows da abin kunna dibidi, shi ya sa ake saka faifai lafiyayye kwamfuta ta yi shiru. VLC na kunna shi. Idan bisidi ne ya ƙi tashi, a buɗe faifan a shiga jakar MPEGAV, a ja fayil ɗin AVSEQ01.DAT a jefa shi cikin VLC. Faifan da ya yi datti kuma da tattausan ƙyalle ake goge shi, daga tsakiya zuwa baki. Gogewar zagaye na iya jan zane a kan layin da hasken ke bi, ta ƙarasa shi.

Idan fileyar ce

Ba kwamfutar mai kallo da za a buɗe a rasa hoton mazugin nan mai ruwan lemo. VLC ta samo asali ne daga aikin wasu ɗalibai a makarantar École Centrale ta birnin Faris a 1996, aka sake ta kyauta ga duniya a 2001. Farin jininta shi ne tana zuwa da kodek ɗinta a ciki, ba ta jiran na Windows. Amma ita ma tana tuntuɓe.

Tun daga fitowar VLC 3.0 a 2018, manhajar kan miƙa aikin warware hoto ga katin hoto na kwamfuta don ta sauƙaƙa wa firosesa. A sabuwar kwamfuta wannan alheri ne. A tsohuwa mai tsohon diraiba, shi ne ke jawo koren allo da rufewar ba zata. Gyaran: a shiga Tools, a zaɓi Preferences, a danna Input/Codecs, a mayar da Hardware-accelerated decoding zuwa Disable, a adana, a rufe VLC a sake buɗewa. Idan ba a dace ba, a shafin Video akwai Output, a sauya shi daga Automatic zuwa OpenGL ko wani daga cikin Direct3D a gwada. Idan kuma wani mai ƙaranbani ne ya dagula saitin, maɓallin Reset Preferences da ke ƙasan shafin zai mayar da komai yadda ya zo. Ga muryar da ta saɓa da baki, haruffan J da K a kan allon rubutu suna matsar da ita gaba ko baya kaɗan-kaɗan har ta daidaita.

Diraiba, wato ɗan tafintan da ke tsakanin Windows da katin hoto, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ake ɗauko shi, ko na Intel, AMD ko Nvidia. Ita ma VLC daga shafin VideoLAN kaɗai ya kamata a sauke ta, domin akwai shafukan da ke lulluɓe ta da tarkacen talla. A kuma guji jibga tarin kodek kala-kala a kwamfuta ɗaya. Kokawa suke yi da juna, fileya ce ke shan ƙasa.

Nan akwai tarko. Duk fim ɗin da aka buɗe ya ce wai sai an sauke wani kodek na musamman kafin ya yi, to a gudu. Tsohuwar dabarar masu baza bairos ce tun tsakiyar shekarun 2000. Haka nan fim ba ya ƙarewa da EXE. Sabunta fileya kuwa ba ado ba ne: a 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya nuna cewa ta fayil ɗin rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan allo ana iya kutsawa cikin kwamfutar mai amfani da VLC ko Kodi. An toshe ƙofar a sababbin fitowa, amma wanda ke riƙe da tsohuwa tasa a buɗe take.

Ƙura da zafi

Babbar abokiyar gabar kwamfuta a ƙasar Hausa ita ce ƙurar hunturu. Fanka na zuƙo iska don ta sanyaya firosesa, tare da iskar take zuƙo ƙura, a hankali ta dunƙule kamar auduga ta toshe mafita. Hunturu na wucewa sai ga bazara, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40. Firosesa kuwa idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu don ta ceci kanta, nan ne hoto ke fara tsalle. Idan hakan bai isa ba sai ta kashe kwamfutar baki ɗaya. Kallon fim na awa biyu aiki ne da ba hutu, shi ya sa a nan ciwon ke fara bayyana.

Ɗabi'ar 'yan kallo ma na ƙara wa wutar fetur. An kishingiɗa a katifa, an ɗora kwamfuta a kan bargo ko filo, ramukan shan iskar da ke ƙasanta duk sun toshe. A ɗora ta a kan tebur, ko faranti, ko ma katako. Aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a kashe ta, a zare caja, a hure ramukan da abin hura iska. A riƙe fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima, kuma kada a hura da baki saboda danshi. Kwamfutar da ta shekara uku ko huɗu ba a buɗe ta ba tana buƙatar ƙwararre ya sauya man nan da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, domin bushewa yake yi. Wannan ɗan aikin ya fi fomatin goma amfani. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi kuwa a cire shi ba da wasa ba, yana iya kamawa da wuta.

Sai maganar lantarki. An sauya wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma har gobe idan an ɗauke sunan NEPA ake kira. Kwamfutar cinya tana da batir da ke tare mata, cajarta kuma akasari na jure wuta daga bolt 100 zuwa 240. Ta kan tebur ba ta da wannan gatan. Ɗauke wuta ana cikin kwafi na lalata fayil, wani lokacin har da Windows ɗin kansa. Mai shagon turi ko ɗakin tace hoto da ba shi da UPS da sitabilaiza yana caca ne da jarinsa. Idan za a tada janareta, a bari ya daidaita kafin a jona kwamfuta.

Bairos da cunkoso

Filash ɗin da ke yawo daga shago zuwa shago kamar kofin shan ruwan tasha yake. Bairos ɗin da ya fi addabar jama'a shi ne mai ɓoye jakunkuna ya bar hotonsu da 'yar kibiya a gefe. Mai filash sai ya ɗauka finafinansa sun salwanta, ya yi fomatin. Suna nan, ɓoye su aka yi. Kada a danna masu kibiyar, domin dannawar ce ke tada bairos ɗin. A fara bincike filash ɗin da Microsoft Defender, wanda ke zuwa kyauta tare da Windows 10 da 11, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ce harafin filash ɗin. Jakunkunan za su bayyana. Maganin bairos guda ɗaya da ake sabuntawa ya isa; biyu a kwamfuta ɗaya nauyi kawai suke ƙara mata.

Cunkoso ma ciwo ne. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai nuna abin da ke cinye ƙarfin kwamfutar. Sau tari shafukan intanet ne guda ashirin a buɗe a bayan fim. A sashen Startup a kashe manhajojin da ke tashi tare da Windows ba gaira ba dalili. Kada a cika faifan C maƙil da finafinai, Windows na buƙatar filin juyawa. Disk Cleanup na share tarkacen da ya taru. Kwamfutar da ram ɗinta gigabayit 4 ne za ta ji daɗi idan aka kai shi 8, kuma sauya tsohon hadis mai juyawa da SSD na mayar da tsohuwa yarinya.

Game da Windows, kamfanin Microsoft ya daina kula da XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, sannan Windows 10 a Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kan waɗannan za ta ci gaba da kunna fim, sai dai shiga intanet da ita na ƙara zama kasada kullum.

Ranar da hadis zai tafi

Akwai alamar da ba a yi mata jinkiri. Idan finafinan da a da suke yi lafiya suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya, kwafi na tsayawa a hanya, ko ana jin ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, hadis ne ke ban-kwana. Manhajar CrystalDiskInfo ta kyauta na nuna lafiyarsa. Idan ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, a bar komai a kwashe kaya tukuna.

Wannan gargaɗin ya fi shafar 'yan industiri. Fim ɗin da furodusa ya zuba wa dukiya, aka yi makonni a lokeshin, ƙarshenta a hadis ɗaya yake kwana a ɗakin edita. Manyan duniya ma sun taɓa ɗanɗanawa. A 1998, ana tsakiyar aikin 'Toy Story 2' a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka bai wa kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan fim ɗin. Da aka koma ga ajiyar ko-ta-kwana, ashe ita ma ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ke jego tana aiki daga gida, tana da kwafin aikin a kwamfutarta. Fim ɗin ya fito a 1999. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi 3, a mazubi iri 2, guda 1 kuma a wani gini daban. Sannan a riƙa buɗe ajiyar lokaci-lokaci ana tabbatar da cewa tana aiki.

Su ma 'yan kallo masu riƙe da fayafan finafinan farkon shekarun 2000 su san cewa abin da ke hannunsu tarihi ne. Faifai na tsufa, sababbin kwamfutoci kuma sun daina zuwa da wurin saka shi. Kwafe su a hadis don ajiyar kai tun suna karantuwa ya fi a bari su ruɓe a kwali.

Idan duk an gwada abin ya faskara, to sai wurin mai gyara, amma da sharaɗi. A kwashe muhimman kaya kafin a fita daga gida. A cire hotuna da bidiyon sirri, domin 'yan fim sun fi kowa sanin abin da hoto ɗaya da ya kuɓuce ke jawowa. A gaya masa sakamakon gwaje-gwajen nan uku, a kuma tambaye shi me ya gano kafin ya ambaci fomatin. Mai gyaran da ya san aikinsa zai duba zafi, ya duba hadis da ram, ya yi bayani. Wanda kuwa bai ko kunna kwamfutar ba ya yanke hukunci, a ɗauki kaya a gaba, shago ba ɗaya ba ne. Allah ya raba mu da asara, amin.